Guɗar Gwaggo Kande a Cikin Filashi

Ranar wata Asabar bayan la'asar, a wani ɗakin taro da ke bakin titi kafin gadar Wudil, janareto ya yi tari sau biyu ya mutu. Sifikoki suka yi tsit. Amma bakin mawaƙi bai tsaya ba. Yana tsakiyar fili, makirfo a hannun dama, hagu a ƙirji, idanu a lumshe, yana ta motsa leɓe kamar kifin da aka tsamo daga kogi, babu sautin da ke fita.

Jama'a suka sunkuyar da kai, suna jin kunya a madadinsa. Mutum ɗaya ce ta kasa daurewa. Rahinatu, wata 'yar garin Utai wadda ta yi wa amarya ƙunshi, ta fashe da dariya har mayafinta ya zame.

Mawaƙin ya buɗe ido. Ita ya fara gani.

Sunansa Tasi'u. Sana'arsa irin wadda ta cika gari ce yanzu. A kai masa sunayen ango da amarya da dangi, ya shiga situdiyo ya rera, a gyara muryar har ta yi santsi, a zuba a filashi. Ranar biki ya kunna a kwamfuta, ya kashe makirfo, ya bi waƙar da baki, a yi masa liƙi. A katin gayyata kuwa sai a rubuta wai zai yi waƙa kai tsaye. Ba shi ya ƙirƙiro wannan ɗabi'a ba, tarar da ita ya yi. Amma tarar da abu ba ya wanke mai yin sa.

Da aka tashi, ya same ta a bakin ƙofa tana jiran mai adaidaita.

"Ke ce kika yi min dariya."

"Ni ce. Na ɗauka bebe aka ɗauko ya yi wa amarya waƙa."

"Waƙata ce fa. Ni na rubuta, ni na rera."

"Yaushe?"

"Ranar Laraba, a situdiyo."

"To ranar Laraba ka yi waƙa ke nan. Yau me ka yi?"

Tasi'u ya buɗe baki, ya rufe. Ta ce, "Ka gani, ka sake."

Shi ma sai ya yi dariya. Ya ce, "Ba zan ce miki ƙanwata ce take son ƙunshi ba, domin ba ni da ƙanwa. Lambarki nake so."

Ta dube shi sosai. Wannan 'yar gaskiyar ce ta sa ta ba shi.

Washegari da hantsi saƙo ya shigo wayarta:

"Assalamu alaikum 'yar Utai. Da fatan kin tashi lafiya. Wannan saƙo yanzu na rubuta shi da yatsana, ba ɗauka ba ce ta ranar Laraba."

Ta amsa:

"Wa'alaikumussalam Mai Filashi. Lafiya ƙalau. Na yarda, domin ga kuskure nan ka yi ka goge, na ga ka daɗe kana rubutu."

Daga nan sunan ya bi shi. Ita tana ce masa Mai Filashi, shi yana ce mata Rahina idan yana cikin natsuwa, 'yar Utai idan yana son tsokana. Bayan wata guda ya fara zuwa zance. Yakan iso a babur bayan la'asar, su zauna a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya tashi kafin a kira magariba.

Mahaifiyar Rahinatu ta rasu tun tana rarrafe. Yayar mahaifinta, Gwaggo Kande, ita ta goye ta tare da autarta Zahra'u. Kande mace ce mai faɗa da dariya a lokaci guda, kuma a duk Utai babu mai guɗarta. Idan ta rangaɗa ta a wannan unguwa, sai a ajiye taɓarya a waccan a tambayi gidan wa ake biki.

A lokacin an sa ranar auren Zahra'u da wani ma'aikacin jami'a mai suna Jamilu, kuma abokan ango sun ɗauki Tasi'u ya yi waƙar bikin. Ya zo gidan karɓar sunaye da takarda da biro. Gwaggo Kande ta zauna a tabarma tana lissafa masa dangi ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ma ka saka ni," in ji ta. "Kuma ba a ƙarshe ba. Ka ce Kande ta fito fili ta yi guɗa."

"Gwaggo, ai baiti guda zan ware miki."

"Wannan abin naka na hannu, yana iya ɗaukar guɗata kuwa, ko zai fashe?"

"Mu gwada."

Ya danna wayar ya miƙa. Kande ta kama hanci ta saki guɗa, doguwa mai karkarwa, har kaji suka watse daga tsakar gida. Ta ƙara da cewa, "Allah ya yi wa 'ya'yana albarka, da wadda za a kai da wadda ta rage." Da ya kunna mata ta ji kanta, ta riƙe haɓa.

"Oh ni Kande! Ashe haka nake damun mutane."

Rahinatu tana bakin ƙofar ɗaki tana murmushi. A makon nan Tasi'u ya yi mata waƙa tata ita kaɗai, ya turo mata. A ciki ya ce hannun da ke zana fure a tafin wasu, shi a zuciyarsa ya yi zane. Ta saurara har ta haddace.

Saura mahaifinta.

Malam Gwadabe makaɗin kalangu ne. Shekara arba'in yana yi wa mahauta kiɗa ranar kasuwar Juma'a a Wudil, yana kuma zaga bukukuwan ƙauyuka daga Utai har Lajawa. Yanzu ba a cika kiransa ba, sai ɗaurin aure da safe, kafin masu sifika su iso. Da ya ji labarin mai babur, ya ce a turo masa shi.

Tasi'u ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai. Ya gida, ya iyayen naka?"

"Suna lafiya, sun ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya hanya, ya sana'a?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Madalla. An ce kai mawaƙi ne."

"Haka ake cewa."

Gwadabe ya miƙa hannu ya sauko da kalangu daga ƙusa, ya saƙala a hammata. "To bismilla. Zan ɗaga maka, ka yi min baiti biyu."

Tasi'u ya dubi kalangun. "Baba, ban zo da kwamfuta ba."

"Muryar taka a gida ka baro ta?"

"Ba haka ba ne, Baba. Muryata ce a cikin filashin. Ni na zauna na tsara, ni na rera, wani lokaci sau ashirin kafin ta zauna. Kuma ranar biki ni ne a tsaye a gaban mutane, ina gumi. Abin da jama'a suke so ke nan, waƙa mai tsabta, ba tuntuɓe."

"Na ji. Ba na raina wahalarka. Amma ka amsa min. Kana tsakiyar fili, baƙo ya shigo daga nesa, ƙura a ƙafarsa. Filashinka zai gan shi?"

"A'a."

"Amarya ta fara kuka. Zai sassauta mata?"

"A'a, Baba."

"To ni abin da na sani da kiɗa shi ne wannan. Ka dubi mutum, ka san ɗan wane ne, ka faɗa masa a lokacin. Ba na ƙin inji. Ga rediyona nan, kullum tare muke. Amma rediyo bai taɓa riƙe makirfo ya ce min yana cikin zauren nan ba."

Ya mayar da kalangun ƙusa.

"Ni maroƙi ne, ba zan ce ba na ba maroƙi 'yata ba. Amma mutumin da zai tsaya gaban mutum ɗari uku ya yi kamar yana yi alhali ba ya yi, ranar da ya ce wa 'yata yana son ta, ta yaya zan san ba filashi ba ne? Ka gaida gida."

A cikin gida ya gaya wa Rahinatu a fili. "Akwai wani Muhyiddeen, ma'aikacin ɗakin karatu a jami'a, ya turo kawunsa. Mutumin kirki ne. Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba, kin san ni. Amma ba zan karɓi goron wancan mawaƙin ba."

Gwaggo Kande ta ce, "Kai Gwadabe, taurin kai tun kana goye. Yaron nan yana da ladabi."

"Yaya, ladabi daban, gaskiya daban."

Rahinatu ta shige ɗaki ta rubuta:

"Mai Filashi, kada ka karaya. Baba yana da zafi amma ba ya zalunci. Ni na san abin da ka faɗa min ba ɗauka ba ce. Waƙata ita ce shaidata."

Ya amsa:

"Rahina, in dai kina tare da ni, zan jira ko shekara nawa ne. Allah ya bar min ke."

Da ya san abin da ke zuwa, da bai yi saurin alƙawari ba.

Mako biyu bayan haka aka kira Rahinatu ƙunshi a Lajawa, bikin wata amarya Nafisa. Tana zaune cikin mata, sifika ta ɗauki kiɗan da ta sani. Ta ɗago kai. Muryar Tasi'u ce, waƙarta ce, kalma bayan kalma. Wuri ɗaya kawai aka taɓa. Duk inda aka ce Rahina, an cire an liƙa Nafisa. Har baitin hannun da ke zana fure yana nan, ga amaryar da ko lallen kanta ba ta iya kwaɓawa ba.

Tasi'u yana tsakiyar fili yana motsa baki, amma ba ta bari sun haɗa ido ba. A cikin motar komawa ta rubuta:

"Na ji waƙar Nafisa. Ta yi daɗi. Ashe sunana ma filashi ne, a zare a saka wani."

Amsa ta zo nan take:

"Rahina, wallahi ba abin da kike zato ba ne. Ban san ta ba ko a hanya. Angon ne ya zo a ƙurarren lokaci, ba ni da sabuwa a hannu. Kowa haka yake yi. Waƙar taki ce har abada."

"Kowa haka yake yi. To ka je wurin kowa. Baba ya fi ni ganin nesa."

Ta kashe wayar.

Gaskiya ne bai san Nafisa ba, kuma bai ci amanar so ba. Amma ya ɗauki abin da ya ba mutum kyauta ya sayar wa wani, don kawai ya fi sauƙi. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne, kuma yarinyar ba ta yi rashin hankali ba da ta yi fushi.

Ana saura kwana tara bikin Zahra'u, Gwaggo Kande ta kwanta da zazzaɓi. Kwana uku Allah ya karɓi abinsa. Aka ɗaga biki sai bayan arba'in.

Tasi'u ya zo jana'iza, ya ɗauki makara tare da mutane, ya dawo ranar uku ya yi ta'aziyya. Gwadabe ya amsa masa kamar yadda ya amsa wa kowa. Rahinatu ta fito idanunta a kumbure, ta ce, "Allah ya ba da lada," ta koma.

Bayan arba'in da mako biyu aka sake sa rana. An ɗaura aure da safe, Gwadabe ya ɗan taɓa kalangu a ƙofar masallaci. Da yamma aka yi wuni a filin makarantar firamare ta Utai, an kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Gwadabe ya zauna can gefe ƙarƙashin mangwaro, kalangu a cinya, don Zahra'u ta roƙe shi kada ya tafi.

A nan ne sana'ar Tasi'u ta kama shi. Mai rera waƙa da bakinsa dole ya bi ta kafin ranar, ya tuna abin da ke ciki. Mai motsa baki ba ya buƙatar haka. Waƙar Zahra'u tana cikin filashi tun wata biyu, ya yi wasu goma sha ɗaya a bayanta, duk a kan ƙira ɗaya. Bai sake sauraron ta ba. Ya danna kwamfuta, ya kashe makirfo, ya shiga fili.

Baitin ango ya wuce lafiya. Na amarya ya wuce, ana liƙi. Sai kiɗa ya yi wani juyi, kuma a juyin nan Tasi'u ya tuna abin da ke biye. Ya juya da gudu. Bai kai ba.

Sifikoki huɗu suka ɗauka da muryarsa mai santsi:

"Ina Kande uwar amarya, fito fili mu gan ki,
Rangaɗa mana guɗa, Allah ya ja kwananki."

Ya fizge wayar wuta. Sauti ya mutu.

Zahra'u ta kifa kai a cinya ta rushe da kuka. Mata suka ɗauki salati. Wani daga abokan ango ya matso ya raɗa masa, "Ka ce injin ne ya haɗa waƙoƙi. Kunna wata mu wuce wurin."

Ƙofa ce a buɗe, kuma da yawa da sun bi ta. Tasi'u ya dubi Zahra'u, ya dubi Rahinatu da ke rungume da ita, ya dubi tsohon da ke ƙarƙashin mangwaro. Ya ajiye makirfon a kan tebur, ya koma tsakiyar fili hannu wofi.

"Jama'a, ku saurare ni," in ji shi. Muryarsa ta gaskiya ta fito, siririya. "Ba inji ba ne ya yi laifi. Ni ne. Abin da kuke ji tun ɗazu ba yanzu nake rera shi ba. Tun Gwaggo tana da rai na ɗauke shi, ni baki kawai nake motsawa. Haka nake yi a kowane biki. Na ɗauki makararta da hannuna, amma ban koma na saurari abin da zan kunna a bikin 'yarta ba. Zahra'u, ki yafe min. Baba Gwadabe, ka faɗa min, ban ji ba."

Akuya ta yi kuka a bayan aji.

Sai ya fara waƙa. Ba kiɗa, ba sifika. Ya ce Kande ta goyi nata ta goyi na ƙaninta, ba ta bambanta ba. Ya ce guɗarta ta kai amare ɗari ɗakunansu, yau ga tata amaryar, ita kuwa ba ta nan. Ya roƙi Allah ya haskaka kabarinta. Muryar ba ta da santsin situdiyo. A baiti na uku numfashi ya yanke masa, ya rasa inda zai kama, ya tsaya.

Daga ƙarƙashin mangwaro kalangu ya amsa.

A hankali, bugu uku, kamar mai cewa taka nan. Gwadabe ya miƙe, yana matse tsarkiya da hammata, ya tako har ya tsaya a kafaɗar yaron. Bai dube shi ba.

"Kada ka yi gudu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bi hannuna. Waccan mai shuɗin mayafi da ke shigowa, Hansai ce, aminiyar marigayiya, daga Lajawa. Tare suka yi tallan fura suna 'yan mata. Faɗa mata."

Tasi'u ya faɗa mata. Tsohuwar ta tsaya cak a bakin rumfa, ta saki sandarta, ta ɗaga hannu biyu sama tana hawaye.

"Wancan mai farar hula kawun ango ne, tun daga Gombe ya taso da asuba. Gaishe shi da hanya."

Ya gaishe shi da hanya. Mutumin ya miƙe tsaye yana murmushi.

Haka suka yi ta yi, tsoho yana gani yana raɗawa, yaro yana ɗorawa. Wani baitin ya zauna, wani ya karkace, aka yi dariya, aka wuce. Da suka zo kan amarya, Gwadabe ya sassauta hannu har kiɗan ya koma kamar rarrashin jariri, Tasi'u ya ce mata uwa ta tafi amma albarkarta ta riga ta shiga ɗakin. Zahra'u ta ɗago kai. Hansai ta kama hanci ta yi guɗa a madadin ƙawarta.

Da aka watse, Tasi'u yana naɗe wayoyi, Gwadabe ya zo ya tsaya a kansa.

"Muryarka ba ta kai ta filashin daɗi ba."

"Na sani, Baba."

"Numfashinka gajere ne. Kuma ka karya baiti biyar, na ƙirga."

"Haka ne."

"Amma yau na ji ka. Ranar Juma'a ka same ni a kasuwa, wajen mahauta. Ka zo da bakinka kawai."

Kafin ya isa Wudil saƙo ya shigo, na farko cikin wata biyu:

"Mai Filashi, yau me ka yi? Yau ka yi waƙa. Ban gama hucewa ba, amma na fara."

Ya tsayar da babur a gefen hanya ya rubuta:

"Rahina, na gode wa Allah da ya kunyata ni a gabanki sau biyu. Na farko ya haɗa ni da ke, na biyu ya dawo min da ke. Waccan waƙar na ɓata ta. Zan yi miki wata, kuma ba za ta taɓa shiga situdiyo ba."

"Sai na ji da kunnena, ina kallon bakinka."

Wata biyar yana bin Gwadabe kasuwa duk Juma'a. Mahauta suka yi masa tsiya son ransu. Ɗaya ya ce, "Malam Gwadabe, wannan ɗan naka sai an sa masa caji?" Ya shanye. Ya koyi ajiye numfashi, ya koyi duban fuska kafin buɗe baki.

Bai jefar da kwamfuta ba, kuma Gwadabe bai ce ya jefar ba. Sun yi muhawara a kai sau da yawa a kan hanyar komawa, har suka tsaya a wuri ɗaya. Kiɗa yana iya fitowa daga inji, tunda ba kowane ango ke iya ɗaukar makaɗa biyar ba. Amma makirfo a kunne, baki da rai, ido a kan mutane. In kuma masu biki sun fi son waƙar situdiyo, a kunna musu, mawaƙi ya ce ga waƙar da na ɗauka, ya zauna a kujera kamar kowa. Wasu masu biki suka daina kiransa, suka ce ya cika tsari. Wasu suka fara kiransa saboda haka.

Muhyiddeen da ya ga inda zuciyar yarinyar take, ya zo da kansa ya ce wa Gwadabe ya janye, ya yi musu fatan alheri. Irinsa ba su da yawa, ya kamata a faɗa.

Wata Juma'a suna dawowa, Gwadabe yana bayan babur, ya ce, "Ka gaya wa mahaifinka ina gida ranar Lahadi."

Babur ya yi tangal-tangal.

"Kai, riƙe mana! Kashe ni za ka yi kafin in karɓi goron?"

An ɗaura aure bayan an kai amfanin gona gida. Aka yi wuni a filin makarantar nan dai. Ango ba ya waƙa a bikinsa, amma Tasi'u ya nemi izini, Gwadabe ya ɗaga masa kalangu, ya tsaya a gaban Rahinatu ya rera mata sabuwar waƙarta, makirfo a kunne. Ya karya baiti ɗaya don ta ɗago ido ta dube shi. Ta yi dariya a cikin mayafi, irin dariyar ranar farko.

Da ya gama, ya ciro filashi daga aljihu ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Jama'a, abin da zan kunna yanzu ɗauka ce. Ba yau aka yi shi ba. A tsakar gidan Baba na ɗauke shi da wayata, ranar da na zo karɓar sunaye. Mai muryar ta riga mu gidan gaskiya. Na tambayi Zahra'u, ta ce in kunna. Baba, in ka ce a'a, zan mayar aljihu."

Gwadabe ya dube shi, ya gyaɗa kai.

Guɗar Gwaggo Kande ta tashi a filin, doguwa mai karkarwa, har da kukan kajin da suka watse. Sannan muryarta, tana haki kaɗan: "Allah ya yi wa 'ya'yana albarka, da wadda za a kai da wadda ta rage."

Fili ya amsa da amin kamar a masallaci. Rahinatu da Zahra'u suka riƙe juna. Gwadabe ya zauna a kujera, ya rufe fuska da hannun riga, ya daɗe a haka.

Da ya sauke hannun, ya yafito angon. Tasi'u ya zo ya durƙusa.

"Shekara arba'in ina kiɗa," in ji tsohon, "ban iya ajiye muryar yayata ko ta numfashi ɗaya ba. Wannan abin naka ya ajiye min. Na gode masa, na gode maka."

"Baba, ai filashi ne."

"Filashi ne. Amma ka faɗa kafin ka kunna." Ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman gaskiya, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ubansu."

Rahinatu ta matso ta durƙusa kusa da mijinta, ƙunshin da Zahra'u ta zana mata yana ja a tafinta. Ta ce a hankali, "Amin, Baba." Sannan ta karkata ta raɗa, "Mai Filashi, ka ji dai."

"Na ji, 'yar Utai."

Gwadabe ya share ido, ya gyara kalangu a hammata.

"Sake kunna min ita," in ji shi. "Wannan karon zan raka ta."